Yaran Kurmi Da Hanyar Gida: Abin Da Uba Zai Nuna Wa 'Ya'yansa Daga Ikko Zuwa Yankari

A Agege da Idi-Araba, da Sabo ta Badun da Shagamu, akwai yara da yawa waɗanda tun da aka yaye su miyar kuka suke sha, amma ko sau ɗaya ba su taɓa ganin itacen kuka a tsaye ba. Sun san daddawa a ƙulle cikin leda, ba su san ɗorawa ba. In aka ce musu "gida", abin da ke faɗo musu a rai shi ne wani gari mai nisa inda baba yake aika kuɗi, kuma daga can ake bugo waya in an yi rasuwa. Wannan kuwa ba laifin yaran ba ne. A nan aka haife su, a nan suka yi wayo, wasunsu ma a nan aka haifi kakanninsu, tun da yake Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta.

Magidanta da yawa suna iyakar ƙoƙarinsu su kai iyali Arewa in an yi hutun makaranta na watan Disamba. Amma yadda aka saba yin tafiyar shi ne a shiga babbar mota da yamma, a kwana ana gudu cikin duhu. Yara su sauka a gajiye, su yi mako biyu a tsakar gida kowa ya duƙufa kan waya, 'yan'uwa suna yi musu dariya don Hausarsu ta gauraya da Yarbanci, sa'an nan a ɗaura kaya a komo. An je gida, amma ba a ga ƙasa ba. Uban da ya raba tafiyar kashi biyu ko uku, ya yi ta da rana, zai tarar hanyar kanta ta isa karatu.

HANYA DA RANA

A ɗauki misalin mai zuwa Bauci daga Ikko, tafiyar da ta fi kilomita 1,000. Daga Badun a bi ta Ife da Akure da Owo, ƙasar koko da goro da kwakwar manja, inda kurmi ya rufe hagu da dama. Kafin a kai Okene sai a ga itatuwa sun fara gajarta, sarari ya buɗe, duwatsu sun bayyana. Nan ne aikin uba ke farawa. Ya nuna wa yaro kaɗanya ya ce daga 'ya'yanta ake yin man kaɗe, ya nuna masa ɗorawa da giginya da tsamiya, in an ƙara gaba kuma ga kuka da ƙaton gindinta. Yaron da aka sa shi gasar ƙirga kuka da ƙanensa ba zai sake mance kamanninta ba.

Lakwaja wurin yada zango ne. A nan Kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, kuma wanda ya hau Dutsen Patti da safe zai hango mahaɗar daga sama. A garin nan ne Lugga ya kafa tutar Ingila ran 1 ga Janairu, 1900, ya ce Arewa ta shiga hannun Turawa. Yara sun karanta wannan a aji, amma gani ya kori ji. Bayan an haye Kwara ta gadar Jamata an doshi Abuja, in da hali a ɗan ratsa ta Madalla a kan hanyar Kaduna. Uba ya zaro tsohuwar takardar Naira 100 daga aljihu, ya juya bayanta, ya ce yaro ya duba ta sa'an nan ya ɗaga kai. Ga Dutsen Zuma a takarda, ga shi kuma a gabansa.

Daga Abuja sai Kefi da Akwanga, inda masu tahowa daga Anacha da Inugu ta Makurɗi da Lafiya suke haɗuwa da hanya. Gaba kaɗan ga Hawan Kibo, kuma a gindinsa akwai ruwan Assop mai gangarowa daga dutse. Jos tana bisa tudu kamar mita 1,200 daga bakin teku, saboda haka yaron da bai san komai ba sai gumin Ikko zai gamu da hunturu na sosai. Uba mai lura tun daga gida zai sa a zuba rigunan sanyi da safa cikin jaka, da man shafawa domin tsagewar leɓe da ƙafa.

A Bauci kada a wuce kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yaran Ikko sun san dandalin da ke ɗauke da sunansa, sun san fuskarsa a jikin Naira 5, amma kaɗan ne suka san malamin makaranta ne daga wannan ƙasa, wanda ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi cikin juyin mulkin Janairu 1966, aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abekuta.

DAJIN YANKARI

Daga Bauci a bi hanyar Gwambe, a ratse a Dindima, a shiga ƙasar Alkaleri. Tafiyar kamar kilomita 110 ce zuwa masaukin Wikki da ke tsakiyar daji. An keɓe Yankari domin namun daji a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a watan Disamba 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ta kuma mayar wa Jihar Bauci a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, domin ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi sun dawo bakin Kogin Gaji neman ruwa. Da safe da kuma la'asar ake fita cikin mota tare da ɗan jagora. Ana iya ganin gwanki da kanki da gwambaza da ɓauna da mugun dawa, ga dorina da kada a ruwa, ga tsuntsaye iri iri. Garken giwayen Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya, ko da yake mafarauta sun rage su ƙwarai. Wajibi ne uba ya gaya wa yara gaskiya tun kafin a fita, cewa daji ba gidan zu ba ne, mai yiwuwa a yi yawon awa biyu ba a ga giwa ba sai sawunta da kashinta da rassan da ta karya. Zaman shiru da zuba ido da haƙuri su ma abin koyo ne ga yaron da ya tashi cikin ƙarar hon na Oshodi.

Abin da yara suka fi tunawa shi ne ruwan Wikki. Maɓuɓɓuga ce mai fitowa daga gindin dutse, garai garai har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminta kuwa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Akwai wurin da bai wuce gwiwa ba, akwai kuma inda zai shanye babban mutum, saboda haka ba a barin yaro ya shiga sai uban yana ciki tare da shi. Magidancin da ya shekara goma bai taɓa yin wasa da 'ya'yansa ba, a nan zai tuɓe babbar riga ya tallafi cikin yaro da tafin hannu yana koya masa iyo.

Sai kuma birai. Gwaggon birin Wikki ya saba da mutane har ya raina su, yana fizge leda daga hannun yaro, yana shiga ɗaki in an bar ƙofa ko taga a buɗe. A kulle ɗaki, kada a ci abinci a fili, kada kuma a bar yara su jefe su. Cikin dajin har ila yau akwai kogunan Marshall, watau ɗakunan da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, da tsoffin rijiyoyin Dukkey, da kufan wuraren narkar da tama. Su ne shaidar cewa dajin nan garin mutane ne a da.

KUNYA DA SABO

Riba mafi girma ba ta cikin abin da ido ya gani. Bahaushen uba ya gaji nisanta kansa da 'ya'yansa, balle ɗan fari wanda wasu ko sunansa ba sa kira. A Kurmi kuma neman abinci ya ƙara tsananta abin. Mai canji da mai goro da mai gadi da ɗan kara kowa ya fita da asuba, bai dawo ba sai yara sun yi barci, magana ba ta haɗa su sai ta kuɗin makaranta ko ta faɗa. Amma kwana uku a kujera ɗaya, ana cin tsire a takarda ɗaya, ana sallar ƙasaru sahu ɗaya a bakin hanya, ya isa yaro ya saki jiki ya yi tambayar da ya daɗe yana ɓoyewa. A nan uba zai ji wa ɗansa yake abota da shi, me ke ba shi tsoro a makaranta, me yake so ya zama. A nan kuma yaro zai ji yadda uban ya baro gida da 'yar jaka ɗaya, da irin kwanan tashar da ya yi. Kada a bar 'ya'ya mata a baya a ce su zauna su taya uwarsu aiki, domin su ne za su yi renon jikoki, kuma abin da suka sani na gida shi za su ba su.

KUƊI DA TSARO

Babu mai musun cewa tafiya ta yi tsada tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023, hanyoyi kuma ba kamar da ba. Harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris 2022 ya nuna har dogo bai tsira ba. Saboda haka dokar farko ita ce kada a yi tafiyar dare da yara. A tambayi direbobi a tasha da 'yan'uwa na can halin da kowace hanya take ciki a makon da za a tashi, a kuma bincika halin masauki da kuɗinsa kafin a kama hanya. A riƙi gidan sauro da maganin zazzaɓi da ruwan sha, a rubuta lambar waya a sa wa kowane yaro a aljihu. Kada a bar yara wanka a kududdufi ko bakin rafi saboda tsargiya. Wajen kuɗi kuwa, magidanta biyu ko uku na iya yin adashi tun farkon shekara su ɗauki shatar mota guda.

Ba dole sai Yankari ba. Bakano ya hau Dutsen Dala da 'ya'yansa ya nuna musu birni, Bazazzagi ya kai su Kufena, Bakatsine ya kai su Gobarau, mutumin Daura ya kai su rijiyar Kusugu. Wanda garinsa ƙauye ne ya fi kowa sa'a, ya kai su gona su ga sussukar gero, su leƙa rumbu, su bi kawunsu kiwo. Wanda bana bai sami halin zuwa Arewa ba, ga Dutsen Olumo a Abekuta, tafiyar yini guda ce, a fara da shi.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Uban da ya baro gida da ƙafarsa ya san hanyar komawa ko da ido rufe. Ɗan da aka haifa a Agege kuwa ba shi da hanya sai wadda uban ya riƙe hannunsa ya nuna masa, kuma shekarun da yaro zai yarda a riƙe masa hannu ba su da yawa.