Hoton haƙori: yadda na dace da likita mai sauraro

Sana'ata atamfa, kullum ina kan hanya tsakanin Kwatano, Lome da Kumasi. Duk asibitin haƙorin da na shiga, kafin ma in zauna sai in ji: "Hajiya, hoto tukuna." Cikin wata shida an ɗauke ni sau uku. Ga kashe kuɗi, ga shi ina da juna biyu, hankalina sam bai kwanta ba.

A Kumasi wata maƙwabciyata a Zongo ta raka ni wurin wata likita. Ita sai da ta duba bakina da ɗan madubi, sannan ta tambayi yaushe aka yi mini hoton ƙarshe. Ta ce hasken na'urar kaɗan ne ƙwarai, ko mai ciki ana yi mata idan da buƙata, amma ba a kowane zuwa ba. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta fitar a 2012 ta ce babba mai lafiyayyun haƙora, hoton duba ya ishe shi bayan wata 24 zuwa 36. Mai yawan samun kogo kuwa, wata 6 zuwa 18.

Sai dai ta ja mini kunne: ruɓa tsakanin haƙora da ƙurji a saiwa, ido ba ya ganin su. Ranar da ta ce hoto ya zama dole, kada in ƙi.

'Yan uwa matafiya, ku riƙa karɓar hotonku ku ajiye a waya, ku nuna wa sabon likita. Ku tambaye shi: "Me kake so ka gani a hoton?" Wanda ya amsa ba tare da ɓata rai ba, ku riƙe shi.