Tsibiran Komoros: Ƙasar da Gumin 'Yan Ci-rani Ke Riƙe da Ita

Duk shekara, da zarar an ba da hutun makarantu a Faransa cikin watan Yuli, sai filin jirgin saman Hahaya da ke arewa da Moroni, babban birnin Komoros, ya cika ya batse. Masu saukowa 'yan Komoros ne mazauna Marseille da Paris da Dunkerque, kowa na jan akwatuna shaƙe da tufafi da turare da wayoyin hannu da maganin hawan jini na tsofaffin gida. A aljihu kuma akwai ambulan na Yuro, wasu nasa, wasu saƙon maƙwabta da ba su samu zuwa ba bana. Wata biyu ƙasar za ta yi tana biki. Mahauta da masu taksi da magina da maƙeran zinare, da yawansu cinikin waɗannan makonni ne ke kai su ƙarshen shekara.

Komoros tsibirai uku ne a tekun Indiya, tsakanin Mozambik da Madagaska: Ngazidja, Nzwani da Mwali. Mutanenta ba su kai miliyan 1 ba, kusan dukkansu Musulmi ne. Ta samu 'yancin kai daga Faransa ranar 6 ga Yuli 1975, daga nan kuma ta sha juyin mulki da yunƙurinsa sama da 20. Abin da take sayarwa duniya bai wuce kanumfari da banila da man furen ilang-ilang da ake haɗa turare da shi ba. Dukkan ukun idan aka tara kuɗinsu ba su kama ƙafar abin da 'yan ci-rani ke turowa ba. A ƙididdigar Bankin Duniya ta 'yan shekarun nan, kuɗin da ake aikowa gida ya kai wajen kashi 20 cikin 100 na duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara, abin da ya sa ta cikin sahun gaba a Afirka.  Na cikin ambulan kuwa da wuya a san adadinsa.

Fitar ta samo asali tun da daɗewa. A da, Zanzibar da Madagaska aka fi nufa. Juyin juya halin Zanzibar na 1964 ya rufe ƙofa ɗaya, kisan gillar da aka yi wa 'yan Komoros a Majunga ta Madagaska a Disambar 1976 ya rufe ta biyu, aka kwaso dubbai zuwa gida. Amma kafin nan matuƙan jiragen ruwa 'yan Komoros da ke aiki a kamfanonin Faransa sun riga sun kafa sansani a Marseille tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Su suka jawo ƙanne, ƙanne suka jawo mata da 'ya'ya. Yau dubun dubatarsu ne a can, galibi a unguwannin talakawa na arewacin birnin, suna wanke-wanke a gidajen abinci, suna gadi, suna shara, suna jinyar tsofaffi.

Akwai abin da ke sauƙaƙa musu, wanda mai karatu a Nijar zai gane nan take, domin haka sefa take. Kuɗin Komoros a ɗaure yake da Yuro, kusan faran 492 a kan Yuro 1, ba ya hawa ba ya sauka. Mai wanke kwanuka a Marseille ya san abin da Yuro 100 za ta saya wa mahaifiyarsa yau, ya kuma san faɗuwar darajar kuɗi ba za ta cinye rabinta kafin baɗi ba. Haka kuma kuɗin ba ya gudu ranar wuya. Bayan guguwar Kenneth ta Afrilun 2019 an ƙara turowa, a shekarar korona ma alƙaluman sun hau maimakon su faɗi, ko da yake wani ɓangare na hauhawar ya zo ne saboda jirage sun tsaya, dole aka bar ambulan aka koma kamfanonin tura kuɗi.

Ina kuɗin ke tafiya? Mafi yawa cikin tukunya: shinkafa, kuɗin makaranta, da jinya, wadda sau da yawa sai an fita da mara lafiya zuwa Tanzaniya ko Madagaska. Wani kaso kuma na gari ne. Kusan kowane ƙauye na Ngazidja yana da ƙungiyarsa a Faransa. Ranar hutu a kama zaure, mata su yi girki, a yi waƙe, a ɗaga sunan kowa da abin da ya bayar. Da wannan karo-karo aka gina masallatai da ajujuwa da ƙananan asibitoci, aka haƙa tankunan tara ruwan sama, aka shimfiɗa hanyoyin da gwamnati ba ta taɓa lekawa ba.

Sai kuma babban aure, wanda mutanen Ngazidja ke kira anda. Wannan shi ne abin da masana tattalin arziki suka fi zargi. Namiji na iya yin ƙaramin aure tun yana saurayi, amma ba ya zama cikakken dattijo sai ya yi anda, ko da ya kai shekara 50 yana tari. Kafin nan ba shi da bakin magana a dandalin gari, ba ya zama sahun manya a masallaci, akwai alkyabba da mayafin kafaɗa da bai isa ya saka ba. Bikin kan ɗauki kwanaki, a yanka shanu, a ciyar da gari kaf, a kai wa amarya zinare a bainar jama'a. Dangin amarya su ma ba su tsira ba, domin a al'adarsu su ke gina gidan da ango zai tare a ciki, gidan kuma na matar ne. Dubun dubatar Yuro ke narkewa a biki ɗaya. Shugaba Ali Soilihi ya yi ƙoƙarin hana shi a shekarun 1970. Aka hamɓarar da shi a 1978, anda kuwa na nan daram.

Ni dai ban yarda cewa anda ce ta hana Komoros ci gaba ba, ko da yake ɓarnar da ke cikinta ba ta ɓoyuwa, kuma akwai malamai da matasan ƙasar da ke neman a rage ta. A duba da kyau: wannan buri na komawa gida a zama mutum shi ne igiyar da ta ɗaure ɗan ci-rani da ƙauyensu shekara 30. A tsinke ta ba tare da an kafa wata ba, kuɗin ma sai ya tsaya. Kuma wanda ya ce a zuba kuɗin a masana'anta, sai ya faɗa mana da wace wuta za ta yi aiki. Shekara da shekaru ƙauyuka na kwana a duhu, shari'ar fili na iya cinye rayuwar mutum, bashin banki na da tsada. Mutumin da ya tara kuɗinsa da wankin kwano ba wawa ba ne. Ya zaɓi gida da mutunci ne saboda su kaɗai ya tabbatar ba za su salwanta ba.

Illar da ta fi damuna ita ce kuɗin ba ya kwana a ƙasar. Shinkafar daga Asiya take zuwa, siminti da rodi daga waje, hatta fukafukan kaji daskararru da ake gasawa a bakin titin Moroni jirgin ruwa ke kawo su. Yuro ta shigo da safe, ta fita da yamma. Gwamnati kuwa ta samu wurin jingina: tana karɓar kuɗin kwastan a kan kayan, jama'a kuma na yi mata aikinta.

Kuma ba kowane tsibiri ke da ɗa a Marseille ba. Mafi yawan kuɗin Ngazidja yake sauka. Talakan Nzwani, inda ƙasar noma ta yi wa mutane kaɗan, ci-raninsa Mayotte ne, tsibiri na huɗu da ya zaɓi zama da Faransa, kilomita 70 kacal daga gaɓarsu. Tun 1995 da Faransa ta ƙaƙaba biza, sai dai a tsallaka da dare cikin ƙananan kwale-kwalen da ake kira kwasa-kwasa. Wani rahoton Majalisar Dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta cewa mutum 7,000 zuwa 10,000 sun halaka a wannan mashigi. Masu zuwa ta sama ma sun biya nasu: ranar 30 ga Yuni 2009 jirgin Yemenia ya faɗa teku kusa da gaɓar Ngazidja, mutum 152 suka rasu, yarinya ɗaya ta tsira. Yawancinsu masu zuwa hutu da biki ne daga Faransa. Allah Ya jiƙansu.

Lokaci kuma ba ya jiran gwamnatin Moroni. Waɗanda suka fi turo kuɗi su ne waɗanda aka haifa a tsibiran, kuma suna tsufa. Jikokinsu haifaffun Faransa ne, hayar gida da rainon 'ya'yansu na kansu, wasu ko harshen Shikomori ba su iya sosai ba. Za su taimaka idan an yi rasuwa ko guguwa, amma da wuya su riƙa aika rabin albashi kowane wata kamar kakanninsu. Aikin da ke gaban hukuma a fili yake: ta tsayar da wutar lantarki, ta gyara rajistar filaye da kotuna, ta matsa a rage ladan tura kuɗi, wanda a Afirka kudu da Sahara ya kusa kashi 8 cikin 100 alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin ya sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. 'Yan ci-rani sun sauke nasu nauyin shekara 50. Gwamnati ce ba ta sauke nata ba.