Talla da ɗaukar ma'aikata ta kafofin sada zumunta

Talla da ɗaukar ma'aikata ta kafofin sada zumunta shi ne amfani da shafuka irin su Facebook, Instagram, TikTok, X da LinkedIn wajen tallata haja, fito da sunan kamfani, ko neman waɗanda za a ɗauka aiki. Ayyukan biyu suna tafiya tare, domin sunan da kamfani ya yi a idon masu saye shi ne kuma ke jawo masa masu neman aiki.

Tarihi

An buɗe LinkedIn a watan Mayun 2003 a Amurka domin haɗa ma'aikata da kamfanoni, kuma Reid Hoffman na cikin waɗanda suka kafa shi. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 kan kimanin dala biliyan 26. Facebook, wanda aka kafa a 2004, ya fito da shafukan kamfanoni da sabon tsarinsa na talla a watan Nuwamban 2007. Twitter ya fara sayar da talla a 2010, Instagram a 2013, sannan aka fito da manhajar WhatsApp Business a 2018 domin ƙananan 'yan kasuwa.

Tallata haja

Hanyoyin talla a waɗannan kafofi uku ne. Ta farko ita ce wallafa hotuna da bidiyo kyauta a shafin kamfani. Ta biyu ita ce biyan kuɗi domin a nuna tallar ga wani rukuni na mutane, bisa shekarunsu, garinsu ko abubuwan da suke sha'awa. Ta uku kuma ita ce biyan masu ɗimbin mabiya, kamar mawaƙa da 'yan fim, su tallata kayan. Bambancin wannan da tallar rediyo ko jarida shi ne mai talla yana ganin adadin waɗanda suka kalla da waɗanda suka latsa, kuma masu saye suna iya mayar da martani nan take. Martanin kan zama asara: a watan Afrilun 2017 kamfanin Pepsi ya janye wata talla da Kendall Jenner ta fito a ciki, bayan suka mai zafi a intanet.

Ɗaukar ma'aikata

Kamfanoni suna sanar da guraben aiki a shafukansu, suna kuma tuntuɓar ƙwararrun da ba su ma nemi aikin ba, bayan duba tarihin karatunsu da ayyukansu a LinkedIn. Wasu kan leƙa shafin mai neman aiki kafin a kira shi ganawa, don haka abin da mutum ya wallafa shekarun baya yana iya hana shi aiki.

Matsaloli da dokoki

Tsarin zaɓen masu kallon talla yana iya haifar da wariya. A watan Maris na 2019, bayan ƙararrakin da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka shigar, Facebook ya amince ya hana masu tallar aiki, gidaje da rance a Amurka zaɓen mutane bisa shekaru ko jinsi. Tun a 2012 jihar Maryland ta haramta wa masu ɗaukar aiki neman kalmar sirrin shafin ma'aikaci ko mai neman aiki. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar kare bayanai ta GDPR a 2018, Najeriya kuma ta kafa tata dokar kare bayanan a 2023.

Akwai kuma 'yan damfara da ke yaɗa sanarwar aiki ta bogi da sunan hukumomi ko manyan kamfanoni, su karɓi kuɗin fom ko bayanan banki. Dogaro da kafa ɗaya ma yana da haɗari: lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, 'yan kasuwar da ke samun masu saye ta shafin sun rasa hanyar isa gare su kai tsaye.