Gottman da Johnson: Hanyoyi Biyu na Gyaran Zaman Aure

A Amurka da Kanada, ma'auratan da zama ya yi wa tsami sukan je gaban ƙwararren mai ba da shawara. Cikin hanyoyin da ƙwararrun ke bi, biyu sun yi fice: ta John Gottman da ta Sue Johnson. Duka ɗinke ɓaraka suke nema, amma kowace da ƙofar da take shiga.

Gottman da kallo ya fara. A 1986 ya buɗe ɗakin bincike a Jami'ar Washington da ke Siyatil, inda ake ɗaukar hirar miji da mata a bidiyo, ana auna bugun zuciyarsu. Johnson kuwa da sauraro ta fara. Ita da Les Greenberg suka tsara hanyar a Kanada cikin shekarun 1980, ta kuma ɗora ta a kan nazarin John Bowlby game da shaƙuwar jariri da mahaifiyarsa.

A wurin Gottman, cutar tana cikin yadda ake faɗa. Ya lissafa abubuwa huɗu masu kashe aure: kushe hali, raini, kare kai, da yin gum, kuma raini ne mafi muni. A wurin Johnson, faɗan alama ce kawai. Ɗaya yana matsawa da ƙorafi, ɗaya yana janyewa, alhali kowanne tsoro yake ji kada ya zama ba shi da daraja a zuciyar ɗan'uwansa.

Maganin ma haka ya rabu. Gottman yana koyar da dabaru: a buɗe ƙorafi da lafazi mai taushi, a dakata na minti 20 idan rai ya ɓaci, a sa kyakkyawar mu'amala ta ninka mummuna sau 5 ko ana cikin saɓani. Hanyar Johnson tana bin matakai 9 ne, har mai faɗa ya iya furta cewa kewa ce ke damunsa, mai shiru kuma ya bayyana fargabarsa.

Kowace da rauninta. Dabara ba ta da amfani idan zuciya ta riga ta yi nisa. Tono zuciya kuma yana da nauyi ga wanda bai saba bayyana damuwarsa gaban baƙo ba. Dukansu sun yarda cewa gidan da ake duka da tsoratarwa, kariya yake buƙata kafin zaman sulhu.

Ga hukuncina. Ma'auratan da ƙauna ke nan amma harshe ke ɓata musu zama, Gottman ya fi saurin yi musu amfani. Waɗanda suka daina yarda da juna kuwa, ko suka koma baƙin juna a gida ɗaya, Johnson ce ta fi kaiwa ga tushen ciwonsu. Shi ya sa ya wajaba ƙwararre ya fara tantance irin ciwon kafin ya zaɓi hanya, su ma masu zuwa su tambaye shi wacce yake bi da dalilinsa.