Ƙirƙirarriyar Basira a Babbar Kasuwar Kaduna: Wace Manhaja Ta Dace da Ɗan Kasuwa?

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a yi ɗan tsokaci a kan yadda ɗan kasuwa zai zaɓi manhajar ƙirƙirarriyar basira wadda ta dace da sana'arsa. An ɗauki Babbar Kasuwar Kaduna a matsayin misali, watau kasuwar nan ta tsakiyar gari wadda ake kira da sunan marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992. Dalili kuwa shi ne, kasuwa ce da ta tara Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Bagwari, amma kuma da Hausa ake ƙulla galibin cinikin da ake yi a cikinta. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa zaɓen manhaja bai bambanta da ɗaukar yaron shago ba: sai an san aikin da zai yi, an ji bakinsa, an yanka ladansa, sannan an jarraba amanarsa.

2.0 Ma'anar Ƙirƙirarriyar Basira

Abin da ake nufi da ƙirƙirarriyar basira a nan shi ne manhajojin kwamfuta da na wayar hannu waɗanda ake yi wa tambaya su ba da amsa kamar mutum. Kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022. Daga baya aka sami irin su Claude da Gemini, sa'an nan a 2024 Meta AI ta bayyana a cikin WhatsApp a Nijeriya, inda ta iske 'yan kasuwa har cikin rumfunansu.

Yadda suke aiki kuwa shi ne, an ɗura musu ɗimbin rubuce-rubuce, suka koyi kalmar da ta saba bin wata kalma. Saboda haka amsar da suke bayarwa kintace ce ta abin da ya fi kama da daidai. Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan. Na farko, suna iya shara ƙarya cikin lafazi mai daɗi. Na biyu, sun fi ƙwarewa a harshen da aka fi rubutu da shi, rubutacciyar Hausa kuwa kaɗan ce a intanet in an kwatanta da Ingilishi.

3.0 Ma'aunan Zaɓe

3.1 Aiki

Tambayar farko ita ce, wane aiki ake so a yi? Mai atamfa da shadda wanda ke saro kaya daga Legas ko Dubai ko ƙasar Sin yana bukatar mai rubuta masa wasiƙa da tafinta, manhajojin hira da na fassara kuwa sun dace da wannan. Mai sayar da takalma wanda ke tallar hajarsa a WhatsApp ya fi bukatar mai gyara hoto. Amma mai kayan masarufi wanda damuwarsa littafin bashi ce da lissafin uwar kuɗi da riba, manhajar ajiye lissafi ko kalkuleta ta fi masa, domin ita ba ta kintace. Haka kuma bai kamata a tambayi manhajar hira farashin buhun shinkafa na yau ba. Ba ta shiga kasuwa da safe ba, maƙwabcin rumfa ya fi ta sani.

3.2 Harshe

Wannan shi ne ma'aunin da ya fi shafar ɗaliban Hausa. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara, a 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, wadda aka gina domin Hausa da Yarbanci da Ibo. Duk da haka, Hausar kasuwa tana da nata sarƙaƙiya.

Da farko, rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "gari" tana iya nufin birni, tana iya nufin abin da aka niƙa. Ga shi kuma masu rubutu a waya sukan yar da ƙugiya, sai "baki" ya tsaya a madadin bakin magana, da baƙin launi, da kuma baƙin da suka zo daga nesa. In mai saye ya rubuto cewa a aiko masa da "yadi baki", mutum zai gane nan take, manhaja kuwa sai an gwada ta.

Na biyu, kasuwa tana ba kalmomi ma'anar da ba ita ce ta ƙamus ba. In mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka", ba addu'a ya yi ba, tayin ya ƙi. In ya ce "na sallama", ya yarda ke nan. "Turmi" a wurin mai atamfa ba na daka ba ne. "Gyara" a wurin mai awo ɗan ƙarin da ake yi wa mai saye ne. "Jaka" a bakin dattawa naira 200 ce. Tafintan da ya mai da "albarka" ta zama yarda ya sayar wa mutum da kayansa a kan faɗuwa. Bugu da ƙari, akwai 'yan kasuwar da suka fi sakewa da ajami ko saƙon murya. Irin waɗannan sai su duba ko manhajar tana jin Hausar baka, ba rubutacciya kaɗai ba.

3.3 Kuɗi

Galibin manhajojin nan suna da ɓangaren kyauta da na biya. Alal misali, ChatGPT Plus dala 20 ce a wata, darajar naira kuwa ta faɗi ƙwarai tun daga 2023. Ga kuɗin data, wanda Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince a ƙara har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025. Mai rubuta wasiƙa biyu a mako, ta kyauta ta ishe shi. Wanda zai biya kuwa, sai ya auna ko abin da ta rage masa na lokaci da asara ya kai kuɗin.

3.4 Amana

Duk abin da aka rubuta wa manhaja yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfanin da ya mallake ta. Littafin bashi kuwa sirrin mutane ne: sunan mai gida, da lambar wayarsa, da abin da ya kasa biya. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin kiyaye su, tun kafin doka kuma al'ada ta san rufin asiri. Don haka a cire sunaye kafin a nemi taimakonta, kada kuma a taɓa ba ta lambar sirrin banki.

4.0 Hanyar Gwaji

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ɗan kasuwa ya ɗauki aikin da ya riga ya san amsarsa, kamar lissafin cinikin jiya, ko tsohuwar wasiƙar da wani amintacce ya taɓa fassara masa. Ya ba manhajoji biyu ko uku aikin, ya haɗa da jimloli masu ɗauke da "turmi" da "albarka" da "gyara". Wadda ta dace a inda ya sani, ita zai fara jarrabawa a inda bai sani ba. Ko ita ma, duk takardar da ta ƙunshi adadin kuɗi ko na kaya, sai idon mutum ya bi ta kafin a aika. Sayen manhaja don an ji sunanta kawai cinikin biri a sama ne.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa manhajar da ta dace da mai atamfa ba lalle ta dace da mai awo ba, kuma aiki da harshe da kuɗi da amana su ne abin dubawa. Akwai kuma aiki a gaban Sashen Hausa. Kalmomin ciniki na kasuwa irin ta Kaduna suna bakin mutane, kaɗan ne suka shiga takarda. In ɗalibai suka tattara su, suka rubuta su bisa ƙa'ida da ƙugiyoyinsu, masu gina manhajoji za su sami abin koyar da su, ɗan kasuwa kuma ya sami tafintan da ke jin maganarsa. Allah ya sa mu dace.