Motar Farko a Gida: Zaɓen Ta Hannu Daidai Ƙarfin Aljihu

Magidancin da ya shekara goma yana goya uwargida da yara biyu a babur, ranar da kuɗin mota suka haɗu a hannunsa ba ƙaramar rana ba ce a gidan. Galibi kuɗin na adashe ne, ko na gonar da aka sayar, ko bashin da za a riƙa cira daga albashi har shekara biyu. Idan suka salwanta a kan ruɓaɓɓiyar mota, sake tara irinsu sai an jima. Abin da ya fi jefa irin wannan mutum cikin wahala shi ne yakan auna motar da farashinta na ranar saye, alhali sayen mota na yini ɗaya ne, riƙonta kuwa na kullum.

Motocin da mai ƙaramin ƙarfi zai tarar a kasuwa iri biyu ne. Akwai wadda aka hau a ƙasar waje aka shigo da ita, wadda muke kira Beljiyam, Yarabawa kuma su ce tokumbo. Sunan ya samo asali ne daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp a ƙasar Beljiyam, inda aka daɗe ana loda tsofaffin motocin Turai zuwa Kwatano da Lome, daga can wasu su biyo ta Nijar su faɗo Katsina da Kano. Gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu, 2017, kuma yanzu da yawa daga cikin waɗanda ake kira Beljiyam daga Amurka da Kanada suke, amma sunan ya zauna. Sai kuma ta hannu, wadda ta riga ta yi lamba ta sha titunanmu. Beljiyam ta fi tsada nesa ba kusa ba, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Saboda haka mai sayen motar farko yakan ƙare ne a kan ta hannu, kuma babu abin kunya a ciki. Motar ma'aikaciyar da ba ta wuce gida zuwa ofis, wadda ake canja wa baƙin mai a kan kari, ta fi Beljiyam ɗin da aka tsamo daga ambaliya.

Kafin a taka wurin dillalai, a raba kuɗin gida biyu. A ra'ayina, wanda yake da naira biyar kada ya sayi motar da ta wuce naira huɗu. Ragowar ɗayar tana da masu jiranta: canjin takardu, inshora, la'adar dillali, tayoyi, batir, da gyaran farko wanda babu motar hannun da ke tsallake shi. Inshorar dole kaɗai, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Na ga motoci da dama a ƙofar gidaje an lulluɓe su da tamfol, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashi, don kawai mai su ya zuba duk abin da ya mallaka ranar saye, da ta nemi gyaran farko sai aka rasa na yi.

Sai maganar mai, wadda ita ce ta sauya lissafin kowa. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Ɗauki mutumin da ke tafiyar kilomita 30 kullum, kai yara makaranta, wurin aiki, kasuwa, wato kilomita 900 a wata. Motar da ke cin kilomita 12 da lita ɗaya za ta sha lita 75. Wadda ke cin kilomita 7 za ta sha kusan lita 129. Bambancin ya fi lita 50 duk wata, kuɗin da zai sayi buhun hatsi. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga babbar mota mai fulogi shida, kujerun fata, gilashi mai duhu, ana sayar da ita ƙasa da 'yar ƙaramar mai fulogi huɗu. Mai ita gudun ta yake yi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wace iri ce za a nema? Amsar tana garejin unguwarku. Motar da makanikenka ya kwance ya ɗaura sau ɗari, wadda kayanta ke zube a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja, ita ce motar mai ƙaramin ƙarfi. Haka Fijo 504 ta mamaye Arewa bayan da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975: ko a ƙauye ta tsaya, akwai mai tayar da ita. Yau Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 ce ta gaji wannan matsayi. Injinta mai lita 1.8 ba ya shan mai, yana da haƙuri, kuma sarƙa ce ke juya shi maimakon bel ɗin da kan tsinke ya yi ɓarna. Aibinta ɗaya, kowa ya san haka, don haka farashinta ba ya sauka. Wanda ya san sirrin yakan nemi Pontiac Vibe ta waɗannan shekaru, wadda injin Corolla ne a cikinta, tagwaiyar Toyota Matrix ce, ga bayanta da faɗin ɗaukar kaya.

Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 tana da farin jini a wurinmu, ga daɗin tuƙi, amma ƙafarta ta gaba ba ta son ramuka. Duk wanda ya taɓa ganin irinta ta durƙusa a tsakiyar titi, taya ta karkace, ya ga aikin bol-join da aka ƙi canjawa a kan lokaci. Camry mai fulogi huɗu ta 2007 zuwa 2009 an san wasu da shan baƙin mai. Golf 3 doguwa tana da sauƙin gyara, sai dai ta tsufa, kuma yawancin waɗanda suka rage sun yi haya har sun gaji. Peugeot 406 tana riƙe hanya a doguwar tafiya idan an samu mai gyaran da ya san wayarinta. Mai iyali da yawa idonsa kan tafi ga Sienna mai kujera bakwai ko takwas, amma ya tuna galibi fulogi shida ce. Duk da haka, lafiyar motar da ke gabanka ta fi sunanta da shekararta muhimmanci.

Ranar dubawa, a je da sassafe, kuma a je da makaniken da kai ka ɗauko, wanda ba shi da kaso a la'ada. Wata rana na raka wani ɗan'uwana duba mota. Mun isa ƙarfe bakwai, sai makanikenmu, wani dattijo, ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet tun kafin ya gaisa da kowa sosai. Ya juyo ya ce, "Alhaji, an riga an tayar da ita. Mu dawo gobe, amma a bar mana ita da sanyinta." Washegari da aka murza makulli, sai da ta yi ta kuka kafin ta kama, sannan salansa ta tofar da shuɗin hayaƙi har ya rufe ƙafafunmu. Injin da ya yi zafi yana ɓoye ciwonsa. Shuɗin hayaƙi alama ce ta injin da ke ƙona baƙin mai, ringi sun ci. Fari mai kauri da ba ya yankewa yana nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba, galibi gasket ta ƙone. A buɗe murfin baƙin mai a duba cikinsa: idan aka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa da mai sun haɗu.

A murza makulli rabi ba tare da an tayar ba. Fitilun gaban direba su kama gaba ɗaya, sannan su mutu bayan injin ya tashi. Fitilar injin ko ta jakar iska da ba ta kama ba sam, wataƙila cire ta aka yi don kada ta tona asiri. A sa mata kwamfuta, kuɗin bai taka kara ya karya ba. A bi jikin motar da ɗan maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da ƙullun gyaran bodi bayan haɗari. A ɗaga kafet a shinshina, a duba ƙarfen da kujeru ke gudu a kai. Tsatsa da busasshen laka a wurin alamar ruwa ce, kuma motar da ta nutse wayarinta ba ya daina ba da wahala. Ambaliyar guguwar Harvey a jihar Texas a 2017 ta lalata motoci dubu ɗaruruwa, irin waɗannan kuwa gwanjonsu ake yi su bazu duniya. A leƙa ƙarƙashi a tabbatar ba a yanke abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi ba, domin ana cire shi a sayar. Lambar tafiyar da ke kan agogo ana iya mayar da ita baya, amma sulɓin sitiyari da cinyewar robar birki ba sa ƙarya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuwa, ko kyauta ce a bar ta.

Sannan a hau ta, a fita da ita babban titi, a kunna na'urar sanyi, a ji yadda giya ke shiga, a taka birki da ƙarfi, a bi ta kan gargada ana sauraron ƙafafu. Mai motar da ya ce babu mai a ciki, a saya masa lita biyar.

Takardu su ne ƙarshe a dubawa, amma su ne kan kai mutum ofishin 'yan sanda. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. Ta zo daidai da wadda ke kan takardar kwastan da shaidar mallaka da lasisin mota, harafi da harafi. Da wannan lambar ana iya binciko tarihin motar da ta fito daga Amurka a intanet, har da haɗarin da ta yi. Idan sunan da ke kan takarda ba na mai sayarwa ba ne, a nemi ganin mai sunan ko takardar cinikin da ta haɗa su. A biya ta banki, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a yi canjin mallaka a makon, kada a bari sai an tare ka a hanya. Daga nan motar ta wuce gareji kafin ta je gida: a zubar da baƙin mai da na giya, a canja matatai da fulogi, a duba birki, sannan a ɗauki yara.