Kifi Ma Matafiyi Ne: Kada Mu Tare Masa Hanya

Jama'a, ko kun taɓa tambayar kanku daga ina kifi yake zuwa? Tabki ya ƙafe ƙaf da rani, har yara su yi wasa a cikinsa. Amma da damina ta yi nisa, sai a ga tarwaɗa da karfasa a ciki. Wasu sukan ce daga sama suka faɗo tare da ruwa. Ba haka ba ne. Kifi tafiya yake yi, kamar yadda makiyayi yake bin ciyawa da shanunsa.

Tafiyar damina

Da rani kifi yakan taru a wurare masu zurfi na manyan gulabe, kamar Gulbin Sakkwato da Gulbin Rima. Idan ruwa ya sauka sosai, gulbi ya cika ya tumbatsa, sai ya malala cikin fadama. A lokacin ne kifi yake tashi. Yakan bi ƙoramu da kwazazzabai, ya shiga fadamu da tabkuna irin waɗanda muke da su a ƙasar Boɗinga da Shagari.

Me yake nema? Abu biyu ne: wurin zuba ƙwai da abinci. Tarwaɗa takan zuba ƙwanta da dare, cikin ciyawar da ruwa ya rufe. Uwa ɗaya tana iya zuba ƙwai dubbai. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai su ƙyanƙyashe. Ƙananan suna samun tsutsa da ƙwari, ciyawa kuma tana ɓoye su daga manyan kifaye. Ashe fadama ita ce ɗakin haihuwar kifi.

Da kaka, idan ruwa ya fara janyewa, sai iyaye da 'ya'ya su juya zuwa gulbi. Waɗanda suka makara su ne suke maƙalewa a tabki. Gaiwa kuwa dabararta daban ce. Takan shige cikin laka ta kwanta, har damina ta zagayo.

Ba a nan kaɗai ba

A ƙasashen Turai, kamar Ingila da Norwe, akwai wani kifi da ake kira tirawut. A ƙorama ake ƙyanƙyashe shi. Bayan shekara 1 zuwa 3, wasu daga cikinsu sukan gangara zuwa teku. Yawanci ba sa yin nisa can tsakiya. A gefen teku da bakin gulabe suke kiwo, inda abinci ya fi yawa. Idan sun girma, sai su dawo ƙoramar da aka haife su don zuba ƙwai a cikin tsakuwa. Ƙanshin ruwan yana taimakonsu wajen gane gida. Saboda wannan, a can akan gina wa kifi matakala a jikin madatsar ruwa don ya samu ya wuce.

Namu ba ya zuwa teku. Amma darasin ɗaya ne: kifi yana da gida biyu, kuma dole hanya ta kasance a buɗe tsakaninsu.

Abin da ke tare hanya

An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984. Sun taimaki noman rani. Amma sun rage ruwan da yake malala cikin fadamun da ke ƙasa da su, kamun kifi kuma ya ragu. Wannan al'amari ne na hukuma. Sai dai akwai ɓarnar da muke yi da hannunmu:

1. Datse bakin ƙorama da taru lokacin da kifi yake hawa da ciki cike da ƙwai.
2. Kamu da gidan sauro ko koma mai ƙananan idanu. Wannan yana kwashe 'ya'yan da ba su kai yatsa ba.
3. Zuba guba kamar gamalin a ruwa. Tana kashe babba da yaro, tana kuma cutar da mutane da dabbobin da suka sha ruwan.

Wanda ya kama uwa ɗaya mai ƙwai, ya cinye miyar gidaje masu yawa a tukunya ɗaya.

Mu yi koyi da Argungu

Tun 1934 aka fara bikin kamun kifi na Argungu a yadda aka san shi. Me ya sa ake samun giwan ruwa mai girma a Matan Fada? Domin akan hana kamu a wurin sai lokacin biki, Sarkin Ruwa kuma yana sa ido. Kifi ya samu hutu, ya hayayyafa, ya girma.

Mu ma za mu iya. Masunta da masu unguwanni da hakimai su zauna su yanke shawara. A bar kifi ya wuce a farkon cikar ruwa. A yi amfani da koma mai manyan idanu. Ƙaramin da aka kama a mayar da shi ruwa. Idan za a kafa taru, a bar gefe ɗaya a buɗe.

Mai karatu, ka karanta wa maƙwabcinka masunci wannan bayani. Wanda ya ci irin shukarsa da bazara, ba shi da abin girbi da kaka. Haka yake ga kifi.